Saitin koyon ɗinkin littafi da rubutun ƙawa, abin da ya yi da abin da bai yi ba

Jama'a, masu ta tambaya ko irin saitin nan na 'yan koyo da ake tallarsa a intanet ya cancanci a saya, wanda ake haɗo kayan ɗinkin littafi da alƙaluman rubutun ƙawa da takardun da ake ninkewa a yi siffofi da su duk a akwati ɗaya, to amsata a taƙaice ita ce e, amma fa don ɓangaren ɗinki kawai, sauran rabin akwatin ciko ne. Ba zan kama sunan kamfani ba, dama kusan kaya iri ɗaya ne ke yawo, sunan da ke jikin kwalin ne kawai yake canzawa.

Abin da na tarar a nawa: abin huda takarda mai ƙotar katako, ƙashin ninke takarda, allurai miƙaƙƙu da lanƙwasassu, zare mai kaki kala-kala, rula ta ƙarfe, wuƙar yanka, 'yar tabarmar roba da ake yanka a kai, buroshi, kwalbar gam, kwalin bango, takardu, sai ƙotar alƙalami da bakuna masu faɗi da 'yar kwalbar tawada, da wani ɗan littafin bayani.

Bari in fara da abin da ya burge ni. Ƙashin ninke takardar nan wallahi shi kaɗai ya isa ya canza maka aiki. Ka ninke falle da yatsa ka ga yadda yake tashi yana buɗe baki, sannan ka bi ta kan ninkin da gefen ƙashin sau ɗaya daga tsakiya zuwa sama, daga tsakiya zuwa ƙasa, sai ka ga ya kwanta lif, layin ya fito tsaf babu ko tattara. Nawa na ƙashi ne na gaske ba roba ba, yana da ɗan nauyi a hannu da sanyi-sanyi, kuma yana ƙara santsi da amfani. Abu ɗaya dai, yana barin ƙyalli a kan takarda mai duhu ko yadin bango in ka danna da ƙarfi, sai ka ɗora wata farar takarda a kai kafin ka goga. Abin hudar ma ya yi, bakinsa siriri ne mai tsini sosai, ba ya yaga takarda, ramin da yake yi daidai allura ta wuce ne, kuma abin da ake so ke nan don in rami ya yi faɗi ɗinkin zai riƙa wasa, littafin ya yi sako-sako. Allura lanƙwasassa kuwa ba ka sanin amfaninta sai ka zo irin ɗinkin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, inda dole sai ka zura ta ƙarƙashin ɗinkin da ya gabata ka fito da ita ta ɗaya gefen, da miƙaƙƙiya sai ka yi ta buɗe littafin kana rufewa.

Shi wannan ɗinki na Kibɗawa shi ne abin da ɗan littafin bayanin ya koyar da kyau, na ba su wannan. Ana ninke falle huɗu-huɗu a saka su cikin juna, kowane ƙunshi ya ba da shafi 16, a huda su wuri ɗaya, sai a riƙa ɗinka kowane ƙunshi ana sarƙe shi da na ƙasansa har bayan littafin ya fito da zanen sarƙa, babu gam ko ɗigo a gadon baya, littafin kuma yana buɗewa ya kwanta shimfiɗe a kan tebur. Dabara ce tsohuwa ta Kiristocin Masar, ta daɗe tana aiki a Habasha ma, kuma littafi mafi tsufa na Turai da ya tsira da bangonsa na asali, ƙaramar Linjilar da ake kira da sunan Cuthbert, wani waliyyin Kirista na Ingila, ta wajen farkon ƙarni na 8, da irin wannan ɗinkin aka haɗa shi, ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya ya saye shi fam miliyan 9 a 2012. Duk lokacin da nake jan zaren nan ina tuna cewa fiye da shekara 1,200 irin wannan sarƙar take riƙe da littafi, raina yana ƙara son aikin.

To yanzu inda matsalar take. Zaren da suka sa mai faɗi ne na roba, irin na ɗinkin fata, kuma sun cika masa kaki har yana manne wa yatsa yana barin dabbare a cikin shafi. Ya yi kauri da yawa, ƙunshi bakwai ko takwas kawai za ka ɗinka ka ga bayan littafin ya kumbura ya fi gabansa tudu. Za ka iya rage kakin in ka ja zaren ta cikin ninkakkiyar takarda kana matse shi da farce, amma gaskiya a nemi zaren lilin siriri, wanda ake rubuta wa 18/3 ko 25/3, na biyun ya fi siranta, a goga masa kakin zuma kaɗan da hannu. Gam ɗin kuma ruwa-ruwa ne, yana jiƙa takarda ta yi ta kumbura. Masu wannan sana'a farin gam ɗin da ake kira PVA marar asid suke amfani da shi, ko kuma dafaffen sitacin alkama wanda yake jinkirin bushewa ya ba ka damar gyara, kuma ana iya warware shi da danshi ko bayan shekaru, shi ya sa masu gyaran tsofaffin littattafai suka fi yarda da shi. Wasu suna gauraya biyun ma.

Amma babban abin da ya ɓata min rai, kuma a kansa ne na zauna rubuta wannan, shi ne ɗan littafin bayanin bai ce uffan a kan kwanciyar takarda ba. Takardar da aka yi da inji zarurukan cikinta duk hanya ɗaya suke kwanciya, kamar yadda itace yake da hanyar da yake tsagewa cikin sauƙi. Dole wannan hanyar ta bi tsawon gadon bayan littafi, daga sama zuwa ƙasa, a takardun ciki da kwalin bango da abin da aka lulluɓe shi da shi, duka. In aka saɓa, shafuka ba sa kwanciya sai su tsaya ƙiƙam, ninkin yana tsattsagewa, in gam ya taɓa kuma takardar tana buɗewa ta gefe ta yi kunya-kunya, bango ya bushe a karkace, mai koyo kuma ya zauna yana zargin hannunsa alhali laifin takarda ne. Gane ta ba wuya, ka lanƙwasa fallen a hankali ta tsawo ba tare da ka ninke ba, ka sake lanƙwasa shi ta faɗi, ɓangaren da ya fi saurin biyo hannunka nan ne hanyarta. Takardun da suka zo a akwatin A4 ne, milimita 210 da 297, kuma kamar yawancin takardar firinta hanyarsu ta tsawo take bi, wato da zarar ka ninke su biyu don yin littafi A5 kamar yadda bayanin ya ce, ka saɓa ke nan. Mafita ita ce ka raba A4 ɗin biyu da wuƙa sannan ka ninke kowane rabi, ka samu ƙaramin littafi A6 mai kwanciya daidai, ko ka nemo A3 mai bin tsawo ka raba shi biyu in lallai A5 kake so. Layi uku ya ishe su su faɗi wannan, kuma wanda ya haɗa saiti don 'yan koyo ya bar shi waje bai kyauta ba sam.

Ɓangaren rubutun ƙawa kuma, hmm. Bakunan alƙalamin ba laifi, amma sabon baki yana zuwa da ɗan mai da ake shafa masa don kar ya yi tsatsa, tawada ba ta kama shi sai ta dunƙule ta ɗiga, a wanke shi da sabulu a goge ya bushe tukuna, wannan ma ba su faɗa ba. Tawadar ba ta da baƙi sosai, tana bushewa toka-toka, kuma a kan takardarsu mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita bazuwa take yi, gefen harafi ya fito da gashi-gashi maimakon ya yanke tas. Takarda mai santsi wadda ta kai giram 90 zuwa 120 ta fi, in tawada ta ci gaba da bazuwa ɗan ƙaro kaɗan a ciki yana riƙe ta. Sannan samfurin haruffan da suka bayar a kwaikwaya babu layin awo babu kusurwa, alhali duk sirrin alƙalami mai faɗin baki yana nan. Salon da Edward Johnston ya koyar a Landan a farkon ƙarni na 20, mutumin da ya zana haruffan jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin a 1916, ana riƙe bakin a digiri 30 kar ya motsa, tsayin ƙaramin harafi kuma kamar faɗin baki huɗu ne, salon italik mai haruffa a karkace kuwa wajen digiri 45 da faɗin baki biyar. Kana riƙe kusurwar nan kauri da siranta za su fito da kansu, ba sai ka danna ba. A rubutun Larabci ma haka abin yake tun zamanin Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, wanda ya auna haruffa da ɗigon alƙalami, alif yana da adadin ɗigonsa sauran haruffa suna bin sa. Sai dai mai son Larabci kar ya dogara da bakunan nan, an yanke su ne don haruffan boko, alƙalamin Larabci a karkace ake fere bakinsa.

Takardun ninkewa masu kala, santimita 15 kowane gefe, suna da kyau kuma murabba'insu daidai yake, kusurwa tana haɗuwa da kusurwa, yara za su ji daɗinsu. Ni dai na fi amfani da su a cikin bango.

Wuƙar tana yanka amma bakinta yana saurin dakushewa a kan kwali mai kaurin milimita 2, a tanadi ƙarin reza tun farko, kuma kar a ce sai an raba kwalin a ja ɗaya, a bi layin a hankali sau da yawa da rular ƙarfe a danne, yatsu nesa da gefe. Tabarmar yankan ta yi ƙanƙanta, A4 da kyar take hawa.

Wanda ya riga ya fara harkar nan kar ya ɓata kuɗinsa, ya sayi abubuwan ɗai-ɗai masu kyau. Wanda bai taɓa riƙe allurar littafi ba kuma yana so ya gwada ko abin zai shiga ransa, ya saya, ya haɗa da zaren lilin da gam mai kyau da takarda mai santsi a oda ɗaya. Kafin ya biya kuma ya duba bayanin kayan ya tabbatar ƙashin ninkewar na ƙashi ne ko na robar nan mai santsi da ake kira teflon, sannan akwai allura lanƙwasassa a ciki, don na ga wasu saitin da babu ita.