Kwas ɗin koyon wasan takobi da na yi a Alƙahira

Ɗalibanmu da ke Masar masu neman motsa jiki wanda ba ƙwallo ba, ga abin da na gani a kwas ɗin 'yan koyo na wasan takobi da na kammala a wani kulob a Alƙahira. Masarawa sun yi nisa a wannan fage. Alaaeldin Abouelkassem ya ciyo musu azurfa a gasar Olamfik ta Landan a 2012, Mohamed Elsayed kuma ya samo tagulla a Faris a 2024. Ganin wasan Faris ɗin ne ma ya sa ni sha'awa, sai dai a lokacin fitilun na'urar ƙirga maki kawai nake gani suna kamawa, ban san dalilin da ake ba wannan maki a hana wancan ba.

Kulob ɗin ne ke ba da aron kaya: hular raga, farar riga mai kauri, safar hannu da takobi. Da foyil aka fara mana, takobi mara nauyi da ake cin maki da tsininsa kaɗai, a gangar jiki kaɗai. Ka taɓa hannu ko ƙafa, farar fitila ce za ta kama, a tsayar da wasa, babu maki. Filin siriri ne, tsawonsa mita 14. A zagayen rukuni maki 5 ake nema cikin minti 3, a zagayen sili-ɗaya-ƙwale kuwa maki 15.

Inda kuɗina ya biya shi ne wajen koyar da haƙƙin hari. A foyil, idan fitilu biyu suka kama tare, ba a raba makin. Alƙali zai duba wanda ya fara miƙa hannu yana barazana da tsinin takobi, shi ke da haƙƙi. Wanda aka kawo wa hari sai ya fara kaɗe takobin abokin karawarsa, ko ya sa harin ya faɗi a banza, sannan ramuwarsa ta zama abin ƙirgawa. Kamar zaman sulhu ne a gaban mai unguwa, sai mai magana ya dire kafin kai ma a saurare ka. Kocinmu bai tsaya ga bayani da baki ba. Yakan sa biyu su kara, ya tsayar da na uku a matsayin alƙali. Da kocin ya ce "halt", wato a tsaya, sai ya juyo ya tambaye ka, kai alƙalin: wa ya fara, an kaɗe ko ƙarfe ne kawai ya gogi ƙarfe? Dole ka bayyana abin da ya faru daki-daki kafin ka ɗaga hannu. Da farko ido ba ya kama komai. A hankali har kunne ya soma rarrabe ƙarar kaɗewa ta gaske da ta gogayya. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, domin tun daga nan kallon gasa ya zame mini abin fahimta.

Efe da sabar kuwa, sauran nau'o'in takobin guda biyu, ɗanɗano kawai aka ba mu. A efe duk jiki halal ne, tun daga kai har yatsan ƙafa, babu batun haƙƙin hari, kuma idan aka taɓa juna lokaci guda kowa ya ci. A sabar ana sara da gefen takobi, daga ƙugu zuwa sama. Na so a ce an ƙara lokacin efe, don ya fi sauƙin shiga ga babba mai fara koyo. An kuma nuna mana katuna: rawaya gargaɗi, ja maki ga abokin karawa, baƙi kora. Juya wa abokin wasa baya laifi ne, fita ta ƙarshen fili da ƙafa biyu kuma maki ne ga abokin karawa.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Wayoyin da ke haɗa takobi da na'urar ƙirga maki sun tsufa, sau da yawa za ka taɓa mutum sarai fitila ta ƙi kamawa, ga ɗan koyo kuwa wannan na rikita lissafi. Hulunan aro suna warin gumi, musamman a zafin Alƙahira. Ajin ma ya cika, jiran layi yana cin lokaci. Bahago kuma sai ya sha nema kafin ya samu safa da takobi na hannunsa.

Duk da haka zan ba kowa shawarar ya shiga, mace ko namiji, tunda kayan wasan suna rufe jiki ruf. Kafin ka biya, ka nemi a bar ka ka kalli darasi guda, ka ga ko kocin yana sa ɗalibai yin alƙalanci. Idan ka ƙudurta ci gaba, fara sayen hularka da safarka.