Hattara da masu gyaran hon na bakin titi a hanyar Nyanya

Jama'a, duk mai bin hanyar AYA zuwa Nyanya da Mararaba ya karanta wannan, ya kuma tura wa ɗan'uwansa direba. An yi mini sakiyar da ba ruwa a kan hon ɗin mota, kuma da na bincika na tarar ba ni kaɗai ba ne.

Ranar wata Litinin da yamma ina gangaro Kugbo, gosulo ya riƙe, wani ɗan acaba ya kutso gabana. Na danna hon, shiru. Na sake dannawa, ko tari bai yi ba. Wanda ya san wannan hanyar ya san tuƙi babu hon kamar shiga kasuwa ne da baki a ɗaure. Ina ta dukan sitiyari sai ga wani matashi da sukurudireba a aljihu da 'yan wayoyi a wuya ya leƙo ta taga: "Alhaji, hon ne? Faka nan, minti biyar." Ashe aikinsu ke nan, tsayawa suna kallon hannun direbobi.

Ya buɗe bonet, ya kwance hon ɗina guda biyu da ke gaban lagireto. Motar Camry ce ta 2008, hon ɗinta na asali ne tun daga kamfani. Ya riƙe ɗaya a hannu, ya ja waya daga kan batir ya taɓa bakinsa. Shiru. Ya yi wa na biyun haka. Ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya, ya ce duk sun ƙone. Sai ya zaro nasa daga kwali mai sheƙi da sunan Bosch a jiki, ya haɗa, ƙara ta tashi har mai gyaɗa ta waiwayo. Ni da idona na gani, me zan ce? Na biya Naira 28,000, ya kuma jefa tsofaffin cikin buhunsa wai zai zubar mini.

Kwana 12 sabon ya yi. Ruwan sama ɗaya aka tafka, muryarsa ta koma ta agwagwa, washegari ya mutu.

Wani dattijo mai wayarin a Apo, wanda ƙanina ke kai wa mota, shi ya warware mini abin. Da na ba shi labari sai ya ce, "Malam, da ya gwada naka, waya nawa ya haɗa?" Na ce ɗaya. "Da ya gwada nasa fa?" Na yi shiru, don a lokacin na tuna biyu ya haɗa. Baba ya yi dariya har da tafa hannu. Hon ɗin Toyota irin nawa baki ɗaya gare shi, wuta na shiga ta nan, ta fita ta ƙarfen da aka ɗaure shi da shi a jikin mota. Idan ka kwance shi ka riƙe a hannu, ko sabo fil ne ba zai yi kuka ba sai ka haɗa ƙarfen nan da ɗaya kan batir ɗin. Wato lafiyayyen hon aka nuna mini a matsayin gawa.

To me ya lalace tun farko? Fis. Baba ya buɗe akwatin fis da ke kusa da batir, ya nuna mini gurbin da aka rubuta HORN, na amfiya 10. Abin da muka gani a ciki ya fi kuɗin ɓata mini rai: yaron nan ya naɗe ƙonannen fis ɗin da siririyar waya ya mayar, lokacin da hankalina ke kan kwalinsa. Fis dai an yi shi ne don ya ƙone a madadin wayoyin mota. Ka ɗaure shi da waya, ranar da wuta ta haɗu wayarin ne zai narke, wani lokaci har gobara. Da iyalina nake yawo a haka kusan mako biyu.

Ga yadda Baba ya ce a bi, kuma ba ya ɗaukar minti goma. A fara da fis, a ɗaga shi a haske, idan zaren ciki ya tsinke an gama magana. Idan lafiya yake, wani ya danna hon kai kuma ka kasa kunne wajen akwatin: jin ƙas-ƙas na nufin sitiyari na aika saƙo kuma rile, wato ɗan makunnin da ke tura wuta zuwa hon, na amsawa. Daga nan a cire soket ɗin hon a sa fitilar gwaji ko mita, a ga ko wuta bolt 12 na isowa idan an danna. In tana isowa, a kankare tsatsar wurin da aka ɗaure hon ɗin, don sau da yawa ita ce kawai matsalar. Sai duk wannan ya wuce ake zargin hon ɗin kansa, a gwada shi da waya biyu a gabanka.

Akwai kuma mataki na biyu na damfarar, wanda wani maƙwabcina a Karu ya faɗa ciki. Shi ce masa aka yi naɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari ce ta tsinke. Tana tsinkewa, gaskiya ne, amma galibi za ka ga fitilar jakar iska ta kama a dashbod, ko maɓallan rediyo na sitiyari sun daina aiki. Nasa duk ƙalau suke. Kuma kada ka yarda kowa ya buɗe maka sitiyari a bakin titi ba tare da ya cire kan batir ba, jakar iskar nan tana iya fashewa a fuskar mutum.

Abin da ya fi ciwo, hon ɗina na asali da ya ce zai zubar, irinsu ake wankewa a sayar a matsayin 'yan Beljiyam, da tsada ma. Riba biyu ya ci a kaina. Saboda haka duk abin da aka cire a motarka, ko noti ne, ka ce a sa maka a but.

Na koma wurin ranar Asabar. Mai gyaɗar tana nan, ta ce su uku ne, kuma ba sa kwana biyu a wuri ɗaya, wai yanzu sun koma wajen gadar Mararaba.