Domke F-5XB: jakar kafaɗa ga mai kyamarar fim ɗaya da gilasai uku

Kafin a yi maganar jaka, a fara auna kayan da za a zuba a cikinta. Mu ɗauki Olympus OM-1, kyamarar fim da ta fito a 1972, wadda har yau tana cikin mafi ƙanƙanta a jinsinta. Faɗinta santimita 13.6 ne, tsayinta 8.3, idan kuma an ɗaura mata gilashin Olympus mai suna Zuiko 50mm f/1.8 kaurinta daga baya zuwa gaba ya kai 8.1, nauyinsu tare giram 680. A ƙara gilashi mai faɗin gani 28mm f/3.5, giram 180, da mai jawo nesa 135mm f/3.5, giram 290. Jimilla giram 1,150 ke nan. Sai fim nadi huɗu ko biyar, filta ɗaya ko biyu masu bakin 49mm (duk gilasan uku bakinsu ɗaya ne), 'yar robar hura iska, ƙyallen goge gilashi da batir na ajiya. Mai kyamarar Pentax MX ko Nikon FM2 lissafinsa ba zai yi nisa da wannan ba.

Irin waɗannan kayan ne Domke F-5XB ta dace da su. Kamfanin ya samo asali daga Jim Domke, mai ɗaukar hoto na jaridar Philadelphia Inquirer a Amurka, wanda ya fito da jakarsa ta farko, F-2, a 1976, domin 'yan jarida masu son jaka mai laushi da ke kwanciya a jikin mutum maimakon akwati mai tauri. F-5XB ƙanwa ce a gidan. Cikinta kusan santimita 25 ne a tsawo, 10 a faɗi, 16 zuwa 17 a zurfi. An ɗinka ta da kambas, wato yadin auduga mai kauri, an sa mata siririn soso a bango da ƙasa. Samanta zif ne, sannan murfi ya rufo a kan zif ɗin ya manne a gaba da Velcro, wato mannau ɗin nan mai ɓangare biyu, ɗaya mai ƙaiƙayi ɗaya mai laushi. Akwai aljihu a ƙarƙashin murfin, akwai kuma kafa a baya inda ake zura bel idan an cire maratayin ana son ɗaura ta a ƙugu. Tana zuwa da shamaki biyu masu soso waɗanda ake mannawa inda aka ga dama.

Yadda aka jera kayan shi ne ke nuna ko jakar ta isa ko ba ta isa ba, kuma a nan mutane da yawa ke yanke mata hukunci da wuri. Idan aka kwantar da kyamarar yadda ake ajiye ta a kan tebur, ta cinye santimita 13.6 daga cikin 25. Shamaki ya ci kusan ɗaya. Abin da ya rage ɗakin gilashi ɗaya ne da wani ɗan lungu da ba ya ɗaukar komai sai fim, gilashi na uku ya rasa wurin zama. Abin yi shi ne a tsayar da kyamarar a kan gefenta, ɓangaren marikin mayar da fim cikin gwangwaninsa a ƙasa, ɓangaren da hannun dama ke kamawa a sama, gilashin yana kallon gaban jakar. A haka santimita 8.3 kawai ta ci, faɗinta na 13.6 da ya koma tsayi kuma bai kai bakin zif ba. Sauran wurin ya rabu gida biyu, kowanne kusan santimita 7. Gilashin 135mm ya tsaya a ɗaya da murafensa biyu. A ɗayan a sa 28mm a ƙasa, a shimfiɗa ƙyalle a kansa, a ɗora fim biyu ko uku. Hannu na shiga ya tarar da kyamarar daidai inda zai riƙe ta, ba sai an juya ta ba.

Matsala tana tasowa ne idan 135mm ne a ɗaure. Kaurin kyamarar ya haura santimita 12, faɗin jakar kuwa 10 ne, don haka ba za ta shiga yadda aka bayyana ba. Dole a kifa ta, gilashin ya sauka cikin ɗakin tsakiya, jikin kyamarar ya zauna a kan shamakan biyu. Hakan na yiwuwa, amma sai gilasan da ke gefe sun zama gajeru, ba su taɓa jikinta ba. Wanda mafi yawan hotunansa da dogon gilashi yake ɗauka ya tsara jakar a kan wannan tun farko, ya sa ɗakin tsakiya ya zama babu komai a ciki.

Zif ɗin shi ne abin yabo kuma shi ne abin lura. Yana rufe bakin jakar, don haka ko ta kife kaya ba sa zubewa, ƙura ma ba ta samun hanya kamar a jakar da murfi kawai gare ta. Amma bakin ba ya buɗewa sosai, haƙoran zif ɗin kuma manya ne, kyamara na gogarsu wajen shiga da fita. Fentin baƙar kyamara yakan goge a kusurwoyi da haka. A OM-1 akwai ƙarin haɗari: mazaunin filashi da ake ɗaurawa a saman kyamarar da sukurori, gindinsa na roba ne, ya kuma yi suna wajen tsagewa. Idan ya maƙale a zif aka fizga, ya tafi. Wanda ba ya aiki da filashi ya kwance shi ya ajiye a gida. Wajen ciro kyamara kuma a buɗe zif ɗin har ƙarshe, a ware bakin da hannun hagu, sannan a ɗago da dama. Lokacin da ake tsakiyar aiki a bar zif a buɗe, murfin kawai ya rufe.

Velcro ɗin murfin yana da ƙara. A titi ba wanda zai kula, amma a wurin ɗaurin aure ko lacca kowa zai waiwayo. Maganinsa mai sauƙi ne: a sayo Velcro na awo a wurin masu kayan ɗinki, a yanko ɓangaren mai laushi, a manna a kan kashi biyu cikin uku na mai ƙaiƙayin. Sauran kashi ɗayan ya isa ya riƙe murfin, ƙarar kuma ta ragu ƙwarai.

Maratayin yana da zaren roba da aka saƙa a gefe ɗaya, shi ya sa ba ya zamewa daga kafaɗa ko a kan yadi mai santsi. Wannan alheri ne ga mai rataya a kafaɗa ɗaya. Ga mai ratayawa a karkace ta ƙirji kuwa, robar tana kama riga, duk lokacin da aka jawo jakar gaba sai rigar ta biyo ta. Tunda ƙugiyoyin maratayin suna juyawa, sai a kifa shi, gefen mai santsi ya kwanta a jiki. Ƙugiyoyin na ƙarfe ne, a kula kada su bugi gilashi idan an ajiye jakar a buɗe maratayin ya faɗo ciki. Bayan shekaru robar takan bushe ta fara marmashewa, musamman a wuri mai zafi. Ana sayar da maratayin shi kaɗai.

Batun launi da yadi ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda fim ba ya son zafi. Zafi yana sa fim ya yi hazo-hazo, launukansa su karkata, kuma fim mai saurin kama haske, irin ISO 400 zuwa sama, ya fi saurin lalacewa. Baƙar jaka a rana tana ɗaukar zafi fiye da mai ruwan ƙasa, don haka ga mai zama a ƙasa mai rana launin yashi ya fi. Akwai nau'in da ake kira RuggedWear wanda aka shafe da kaki don ruwa ya zame. Yana da kyau a ido, amma a zafi kakin yana laushi, ƙura ta manne masa, kuma yana iya barin tabo a jikin fararen kaya. Mai yawan sa farar shadda ya tsaya ga kambas ɗin da ba a shafa wa komai ba. Shi wannan yana jure yayyafi na ɗan lokaci, zaren audugar yana kumbura ya toshe kafofi, amma ruwan sama mai ƙarfi zai ratsa shi. Leda mai kauri ɗaya a naɗe cikin aljihun gaba ta wadatar. Kowace iri aka saya, kada a bar ta cikin motar da aka rufe a rana.

Wanda kuɗinsa ya kai zai so ya kwatanta F-5XB da jakar Billingham Hadley Small, kuma kwatancen ya cancanta. Billingham kamfanin iyali ne a Ingila da ya fara a 1973 da jakunkunan masunta kafin ya koma na kyamara. Yadinsu hawa uku ne, da shimfiɗar roba a tsakiya, don haka ruwa ba ya ratsawa kuma ba a sake shafa masa komai. Murfin yana da kunnuwa da ke rufe kusurwoyi. Maimakon zif da Velcro, madauri biyu ne na fata da ke shiga kan ƙusoshin tagulla, ana buɗewa da hannu ɗaya babu ko ƙara. Soson cikinta jaka ce daban da ake cirewa, mai nata murfin, kariyarta kuma ta fi ta Domke nesa ba kusa ba. Aljihunan gaba biyu kowanne yana ɗaukar fim da yawa, abin da aljihun F-5XB ba ya yi, domin shi shafaffe ne, da an cusa masa gwangwanin fim biyu sai murfin ya ɗage. Inda Hadley ta gaza shi ne faɗin ciki, wanda bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba. OM-1 da 50mm tana shiga amma a matse, kyamara mai kauri kuwa sai an kifa ta. Ba ta da zif, don haka ƙurar hunturu mai laushi tana lallaɓawa ta ƙarƙashin murfi. Samfurin na asali ba shi da mariƙi a sama kuma maratayinsa ba ya cirewa, sai a Hadley Small Pro aka ƙara waɗannan. Farashinta ya ninka na Domke fiye da sau biyu. Ga wanda ke yawo a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuɗin bai tafi a banza ba. Ga wanda ƙura ce babbar damuwarsa, F-5XB da zif ɗinta ta fi amfani.

Wasu abubuwan da ke lalata kaya a cikin jaka ba laifin jakar ba ne. OM-1 ba ta da makullin maɓallin ɗauka. Idan aka ja fim aka shirya ta sannan aka sa a jaka, shamaki ko yatsa na iya danna maɓallin, hoto ɗaya cikin 36 ya tafi a duhu. A bar jan fim sai an zo ɗauka. A kuma mayar da makunnin ma'aunin haske kan kashe kafin a rufe jakar. Batirin asali na wannan kyamarar, mai ƙarfin 1.35V, an daina yin sa, waɗanda ake maye gurbinsa da su masu aiki da iska kuwa da an ɓare takardar bayansu sun fara ƙarewa, don haka na ajiya ya zauna da takardarsa a manne. Kada a zuba shi tare da tsabar kuɗi ko makulli. Murfin bayan kowane gilashi ya kasance a ɗaure, domin ƙaramin gilashin baya ya fi na gaba saurin nuna ƙarzuwa a hoto.

Fim ɗin da aka gama da wanda ba a taɓa ba kada su haɗu a ɗaki ɗaya. Wanda aka gama a naɗe harshensa ya shige ciki gaba ɗaya, ko a lanƙwasa shi, sannan a rubuta a jikin gwangwanin idan an ɗauka da wani ISO daban da na kwalin, don mai wanki ya sani. Gwangwanin roban da fim ke zuwa a ciki kada a yar da shi. Ƙwayar yashi ɗaya a bakin da fim ke fitowa tana iya jan layi tun daga hoton farko har na ƙarshe. Mai tafiya ta jirgin sama ya tara fim ɗinsa cikin leda mai nuna ciki ya ɗora a sama, yadda zai ciro ya nemi a duba da hannu. Kodak da Ilford duk sun yi gargaɗi cewa sabbin na'urorin binciken kaya na CT suna ɓata fim ko da sau ɗaya ya ratsa.

Kambas yana shan danshi yana riƙewa. Gilashin da aka bari cikin jaka a rufe tsawon damina, a duhu babu iska, fumfuna na iya tsirowa a cikinsa, idan ta daɗe kuma tana cin rufin gilashin yadda gogewa ba ta gyarawa. Da an dawo gida a fito da kayan a jera su inda iska ke ratsawa, ko cikin roba mai murfi tare da ƙullin silika mai shan danshi. Ita jakar a cire shamakanta, a kifa ta a kakkaɓe, a bi kusurwoyi da burushi. Idan ta jiƙe a shanya ta a inuwa da bakinta a buɗe, kada a mayar da komai ciki sai soson ya bushe har can ciki, wanda yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu bayan yadin waje ya nuna kamar ya bushe.

F-5XB ba ta ɗaukar kyamara ta biyu tare da gilasai uku, ba ta da wurin gorar ruwa, filashi babba ma sai an bar gilashi ɗaya a gida. Wanda ya san zai ƙara waɗannan ya duba F-3X ko F-6 na kamfanin. Ga kyamara ɗaya, gilasai uku da fim biyar, nauyin duka tare da jakar bai kai kilo biyu ba.