Garejin da ya gano sensar zafi ce ta mutu, ba indomin motata ba

Motata 'yar Kwatano ce mai amfani da fetur, kuma kusan mako uku na yi ina yawo da ita a Kano fitilar injin tana kunne, shan mai ya ƙaru, idan na hau gada kuwa sai ta riƙa ja da nauyi. Makaniken farko da na kai wa bai ko kwanta ƙarƙashinta ba ya yanke hukunci cewa indomi ya toshe, wato tukunyar nan ta cikin salansa mai tace hayaƙi, ya ce a fasa a zazzage abin da ke ciki a huta. Ban yarda ba, domin na san akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinum da faladiyum da rodiyum a cikinta, abin da ya sa ɓarayi ke yanke ta, kuma motar da aka cire mata ita warin hayaƙinta ba ya ɓuya.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini garejin da nake magana a kansa, can wajen hanyar Zariya, inda wani dattijo mai gyaran wayar mota yake aiki da yara biyu. Da ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, sai lamba P0428 ta fito, wadda ke nufin saƙon sensar zafin indomi, wato 'yar na'urar da ke auna zafinsa, ya wuce kima. Ya bayyana mini cewa da indomin ne ya gaji, P0420 aka fi sa ran gani. Duk da haka bai taɓa komai ba a ranar. "Alhaji, bar mini ita ta kwana," in ji shi, "da safe kafin a tayar da ita za ta faɗa mana gaskiya."

Washegari na iso da wuri, kuma abin da na gani ne ya sa nake wannan rubutu. Ya murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba, ya nuna mini fuskar na'urar: zafin ruwan injin daidai yake da sanyin safiyar, amma sensar salansa tana cewa zafi ya kai ɗaruruwan digiri, alhali yaronsa ya kama bututun da hannu babu ko ɗumi. Daga nan ya zare soket ɗin sensar, ya auna da mita ya ga wuta volt 5 tana isowa daga kwamfutar motar, ya bi wayar yana lanƙwasa ta gaɓa-gaɓa ko zafi ya cinye ta a wani wuri, bai samu komai ba. Sai ya auna sensar kanta. Irin tata, idan tana sanyi, ya kamata ta nuna kusan om 220 (om shi ne ma'aunin tirjiyar wutar lantarki), amma mitar ta nuna a tsinke take daga ciki. Kwamfutar motar ta ɗauka indomi yana ƙonewa ne, shi ya sa take ƙara fetur tana rage ƙarfi don ta kare shi.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ya kwance fulogogi ya duba, saboda silindar da ba ta ƙona mai yadda ya kamata tana tura ɗanyen fetur cikin salansa, a can ya kama wuta har ya narkar da cikin indomi. Bayan injin ya ɗauki zafi, ya haska ma'aunin zafi a mashiga da mafitar tukunyar, mafitar ta ɗan ɗara mashigar, alamar tana aikinta.

Wurin yana da nakasu, kuma dole in faɗa. Babu rumfar da baƙo zai zauna, ba sa ajiye kayan gyara, sai da yaro ya je Ƙofar Ruwa sau biyu kafin a samu sensar da soket ɗinta ya dace, wannan kuwa ya cinye mini yini guda. Tsohuwar sensar ta yi tsatsa ta kafe a zarenta, sun jiƙa ta da mai sun jira ta saki maimakon su murɗe ta da ƙarfi. Kuɗin binciken daban ya karɓa, ya kuma faɗa mini adadinsa tun kafin ya fara, abin da ban saba gani ba a garejin unguwa.

Ya goge lambar, muka zagaya tare har Na'ibawa da na'urar a jone, zafin yana hawa yana sauka daidai da takun totur. Wata biyu ke nan fitilar ba ta sake kunnawa ba, shan man ya koma yadda na san shi, tsohuwar sensar kuma ya miƙo mini ita a leda na tafi da ita gida.