Shagon da na sayi kajin suna, sauƙi akwai amma fa sai a hankali

Satin da ya wuce aka yi sunan ɗiyar ƙanwata, ni aka ɗora wa sayen kaji, sai wata maƙociyata ta ce in gwada wani shago a nan unguwarmu a Kano wai akwai sauƙi kuma a take suke yankawa su fige. Sauƙi kam akwai, ba zan ci haƙƙinsu ba, buroila 15 na ɗauka kuma ba a yi awa ɗaya ba injin figa ya gama da su, yaran shagon ma ba su da raini.

Amma wallahi tun daga bakin ƙofa warin kashin kaji ya doke ni har idona na yaji, irin warin nan da ke tashi in an bar garin katako ya jiƙe ba a canza ba. An cusa su a keji ko wurin juyawa babu, ga rufin kwano ga ranar Afrilu, duk sun wangale baki suna haki sun saki fukafukai, kuma ita kaza ba ta gumi, da hakin nan take rage zafi, robar ruwansu kuwa ƙaf ba ko ɗigo. Na nuna wa mai shagon wata da ke kwance na ce Baba wannan fa ta kasa tashi, ya ce Hajiya ai ƙiba ce, irinta ake rububi. Eh ƙibar ce, nau'o'in buroila irin su Cobb 500 da Ross 308 cikin sati 6 suke haura kilo 2, ƙirji ya riga ƙafa girma shi ya sa suke wuni a kwance cikin kashinsu, kuma da na zo wankewa a gida na ga shaida, baƙin tabo a gwiwoyi kamar ƙuna.

Wurin yankan ne ya fi ɓata min rai. A gaban 'yan'uwanta ake yanka kaza, a wurga ta cikin durom, ba ta gama shure-shure ba yaro ya ɗauko zai tsoma a ruwan zafi, sai da na ce don Allah ɗan nan ka bari ranta ya fita mana. Annabi (SAW) fa cewa ya yi a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, mu da muke sayen masu rai don mu tabbatar da yankan.

Na tambayi mai shagon ko an tsayar musu da magani kafin a fito da su kasuwa don kada ya rage a naman, ya ce shi sari kawai yake yi daga gona.

In zan koma sai dai da sassafe kafin rana ta yi, in zaɓi masu tsayuwa da ƙafarsu, ko in ƙara kuɗi in nemi Noiler, wani nau'in kaji na nama da ƙwai da ke iya yawo. Cikin waɗanda na sayo guda biyu ma fukafukansu a karye jini ya kwanta, sai yankewa na yi na zubar kafin mu soya.