Allon Winmau Blade 6 Bayan Shekara Guda a Zauren Gidanmu

Washegarin 3 ga Janairun 2025, ɗan ƙanwata da ke zaune a wurina a unguwar Mabera, wanda a lokacin yake aji biyar na sakandare, ya shigo mini da waya a hannu yana nuna mini wani yaro ɗan Ingila mai suna Luke Littler. Yaron ya doke Michael van Gerwen na ƙasar Holan da ci 7 da 3 a zauren Alexandra Palace na birnin Landan, ya zama zakaran duniya a wasan jifa da ƙananan kibau, wanda Turawa ke kira dats, yana da shekara 17, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan kofi da ƙarancin shekaru irin nasa. Ladansa a daren fam dubu 500 ne. Abin da ya tsaya wa ɗan ƙanwar tawa a rai shi ne tsakaninsa da Littler bai fi shekara guda ba, sai ya ce mini, "Kawu, in an saya mini allo, ni ma zan gwada." Wannan rubutu bayani ne a kan allon da na saya masa daga baya, da abin da ya yi mana a cikin shekara guda, da kuma iyakar abin da allo zai iya yi wa yaron da ke da irin wannan buri a Sakkwato.

Ba da wannan allo muka fara ba. Na je wani shagon kayan wasanni a cikin gari, na tarar da allo mai arha wanda aka yi da takarda naɗaɗɗiya, an haɗo shi da kibau shida na tagulla a cikin kwali ɗaya. Da na tambayi mai shagon ko akwai bambanci tsakaninsa da irin wanda ake gasa da shi, sai ya ce, "Alhaji, duk ɗai na, wanga ma shina yi." Ba na tsammanin ya yi nufin cutata, shi ma bai san kayan ba ne. Cikin mako shida gurbin lamba 20, wanda aka fi jifa saboda shi ne mafi yawan maki a lambobin allon, ya rarake har kibiya ta daina tsayawa, wayoyin da ke raba lambobin kuma masu kauri ne, an danne su da ƙananan ƙusoshi, don haka kibiya kan bugi waya ta dawo ta faɗi ƙasa. Sau ɗaya ta faɗo dab da ƙafar ƙaramar 'yata, daga ranar na cire shi daga bango.

Na biyun wani ɗan kasuwa ne ya yi mini odarsa ta Legas, Winmau Blade 6, kuma kuɗinsa ya ninka na farkon sau da yawa. Bambancin farko a hannu ake jin sa, domin yana da nauyin da sai an tallafe shi da hannu biyu. Da zaren sisal aka yi shi, wata shuka mai dogon ganye mai kauri da ake murza igiya da zarenta, an tattara zaren an matse shi a tsaye kamar bakin tsintsiya sannan aka daddatse. Idan tsinin kibiya ya shiga, ba ya huda komai, yana ratsawa ne tsakanin zaren, idan an zare sai wurin ya koma ya rufe. Abin da ya fi burge ni da na bincika shi ne a Kenya kamfanin ke ƙera waɗannan alluna, da sisal ɗin da ake nomawa a Gabashin Afirka, kuma tun 2022 shi ne ke samar da allunan da ake amfani da su a gasannin hukumar ƙwararru ta PDC. Wato abin da zakarun duniya ke jifa a Landan daga nahiyarmu ya fita, kuma irinsa ne yanzu rataye a zaurena.

Wayoyinsa sirara ne ƙwarai, an soke su cikin allon ba tare da ƙusa ko ɗaya a fuska ba, bakinsu kuma a karkace yake yadda idan tsini ya taɓa su zai zame ya shige. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman ƙwarewa, domin zoben da ke ninka maki sau uku faɗinsa kusan milimita 8 ne kawai, kuma can ne rayuwar ɗan wasa take. Kibiya ɗaya a ninki uku na 20 maki 60 ce, uku a wurin 180, mafi yawan abin da za a iya samu a zuwa ɗaya. Wanda ya kauce kaɗan zuwa dama sai ya faɗa 1, zuwa hagu kuma 5, da gangan aka jera lambobin haka don a hukunta hannun da bai daidaita ba. A tsohon allonmu yaron kan ce waya ce ta hana shi. A wannan kuwa uzurin ya ƙare, abin da hannunsa ya yi shi allon ke nunawa, kuma a ganina wannan ne babban abin da na biya kuɗi a kansa.

Kafa shi ya ɗauke mu yamma guda. Ƙa'ida ita ce tsakiyar allon ta kasance mita 1.73 daga ƙasa, layin da mai jifa ke tsayawa kuma mita 2.37 daga fuskar allon, ba daga bango ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure saboda kaurin allon. Mun ari tef na telan da ke ƙofar gida, muka saukar da zare mai dutse daga fuskar allon zuwa ƙasa, muka auna daga nan, sannan kafinta ya kafa mana guntun katako a daɓe. Bangon zaurenmu ba shi da santsi, amma a bayan allon akwai ƙafafu uku masu murɗawa da ake daidaita shi da su har ya daina motsi, kuma sun yi aikinsu. Wanda zai saya ya tanadi abin kare bango tun kafin jifan farko. Mu tsohon kafet muka yanka muka lulluɓa a jikin falanki, duk da haka akwai ramuka a filasta daga makon farko waɗanda har yau ban cike ba.

Abin da na fi jin tsoro shi ne yanayinmu. Zafin Afrilu a Sakkwato yakan wuce digiri 40, hunturu kuma yakan busar da komai har katakon ƙofa ya tsage. Wani maƙwabci ya ba mu shawarar mu riƙa yayyafa masa ruwa, ban yarda ba, domin ruwa yana kumbura sisal ya lalata mannin da ke riƙe da shi, wannan dabara ta allunan katako ce na zamanin da. Abin da muke yi shi ne ba ma barin rana ta taɓa shi, muna rufe shi da zane idan ƙura ta taso, muna goge shi da burushi mai laushi. Zoben lambobin ana cire shi, don haka duk mako biyu yaron kan juya allon yadda wani baƙin gurbi zai zama 20, aikin ya rarrabu. Bayan shekara guda ana jifansa kusan awa biyu kullum tsakanin La'asar da Magariba, launin ja da kore ya ɗan dushe, fuskar ta yi ɗan gashi-gashi a wurare biyu, amma har yanzu kibiya na shiga da ƙaramin sautin nan mai nauyi ta tsaya cak.

Game da kibau, shawarata a taƙaice take. Na tagulla suna da kauri, uku ba sa samun wuri a cikin zoben ninki uku. Na tangistin, wani ƙarfe mai nauyi sosai, sirara ne a nauyi ɗaya, su ne na ƙwararru. Yaron ya so in sayo masa masu ɗauke da sunan Littler, waɗanda kamfanin Target ke yi, na ƙi, na sayi na tangistin marasa sunan kowa masu nauyin giram 23, na ƙara da fuka-fukai da sanduna na canji da yawa, domin su ne ke saurin lalacewa kuma ban same su a shagunan da na zagaya ba. Sunan zakara a jikin kwali ba ya gyara hannu.

Sai maganar burin kansa, wanda shi ne ya kawo allon gidan. Littler ya fara jifa ne da allon maganaɗisu yana ɗan wata 18, ya taso a Warrington, ya shiga makarantar horar da yara wannan wasa a St Helens, inda kowane mako yake karawa da waɗanda suka girme shi. Kafin duniya ta san shi a Janairun 2024, lokacin da ya kai wasan ƙarshe yana da shekara 16 Luke Humphries ya doke shi da ci 7 da 4, ya riga ya yi shekaru yana gasa. Ba kowa ne ya bi ta wannan hanya ba. Phil Taylor, mai kofin duniya 16, ma'aikaci ne a masana'antar tangaran a Stoke-on-Trent har Eric Bristow, wanda shi ma zakaran duniya ne, ya ranta masa fam dubu 10 don ya samu ya riƙa zuwa gasanni, ya kuma doke Bristow ɗin a wasan ƙarshe na 1990. Rob Cross mai gyaran wutar lantarki ne kafin ya zama zakara a 2018. Abin da ya haɗa su ukun shi ne kowannensu yana da abokan karawa kusa da gida da kuma gasar da zai auna kansa da ita. Hanyar zama ƙwararre ma ƙunci gare ta: 'yan wasa 128 ne kawai ke riƙe da katin PDC, wanda ke ba da damar shiga gasannin ƙwararru, ana neman sa ne a wata gasar tantancewa da ake yi duk Janairu a Ingila da Jamus, katin na shekara biyu ne, kuma wanda bai shiga cikin 64 na sama ba a lissafin kuɗin da ya ci, sai ya koma ya sake nema. Kuɗin jirgi da masauki a wuyan ɗan wasa suke.

Na zaunar da yaron na faɗa masa wannan duka, ban rage komai ba. Na kuma faɗa masa abin da ba na so a harkar, cewa a mashaya wasan ya girma a Ingila kuma kamfanonin caca ne ke ɗaukar nauyin da yawa daga manyan gasanninsa. Sharaɗina shi ne ba a sa ko naira ɗaya a kan wasa a zaurena, kuma kiran salla na tsayar da jifa ko da saura kibiya ɗaya a hannu. Shi jifan kansa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu da muka gaji harbin kibiya daga kakanni, kuma lissafin da ke cikinsa ya amfane shi fiye da yadda na zata. Ana farawa daga 501 a riƙa ragewa, dole kuma a ƙare da ninki biyu, wato zoben gefen allo da ke ninka maki sau biyu, don haka yanzu idan saura 76 ba ya tsayawa tunani, ya san ninki uku na 20 ne sai ninki biyu na 8. Malaminsa na lissafi ya lura da canjin kafin in gaya masa dalili.

A Disamban 2025 abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa ya faru. David Munyua, wani likitan dabbobi ɗan Kenya, ya je gasar duniya karon farko, Mike De Decker na Beljiyam ya sha gabansa da ci 2 da nema, ya farfaɗo ya ci 3 da 2. Kafin shi akwai Devon Petersen na Afirka ta Kudu, wanda ya lashe wata gasar PDC a Jamus a 2020 kuma yake ƙoƙarin yaɗa wasan a nahiyar. Mun kalli wasan Munyua a waya ɗaya mu biyar a zaure, kuma na ga yadda ya fi taɓa yaron a kan nasarar Littler ta biyu a Janairun 2026, duk da cewa ladan wannan karon ya kai fam miliyan ɗaya.

Ga wanda yake son abin wasa na Salla da yara za su manta da shi bayan mako biyu, wannan allo ya fi ƙarfin buƙatarsa, kada ya ɓata kuɗinsa. Ga wanda ke da yaro mai naci, ko ƙungiyar matasa, ko makarantar kwana, na tsaya a kan cewa ya cancanci kuɗinsa, kuma gara a haɗa kuɗi a sayi guda ɗaya mai kyau da a sayi na takarda huɗu. Ɗan ƙanwata yana rubuta makinsa a wani littafi mai bango shuɗi. Ya fara da matsakaicin maki 31 a kibau uku, yanzu yana tsakanin 52 da 55, manyan ƙwararru kuwa kusan 100 suke yi, kuma ya san tazarar. Ya samu 180 sau biyu. Abokansa shida ne ke zuwa ranar Asabar, sun ja jadawali a jikin kwali suna karawa da juna, kuma makon jiya wani daga Arkilla ya doke shi sau uku a jere, abin da ya sa ya roƙe ni in sa masa fitilar sola a saman allon don ya ƙara rabin awa bayan Isha'i. Na sayo fitilar, gobe kafinta zai zo ya kafa ta.