Littafin koyon zanen fulawa da na siya, wata biyu ina fama da shi

Tun kwanaki wasu ke tambayata a kan littafin nan da suka ga ina ɗora zanensa a sitatus, wai yana da kyau ne ko asarar kuɗi ce, to yau dai na samu zama bari in faɗi abin da na gani. Ni fa ba mai zane bace, rabona da zane tun firamare lokacin da malam zai ce a zana kofi da ganga, shi ma kofin nawa kullum hannunsa ya fi cikinsa girma. Abin da ya kaini shi ne wahalar layin masu lalle daren Sallah, yara mata uku gareni, kije tun la'asar ki dawo sha ɗayan dare kuma ƙaramar ta goge nata a hanya. Nace wa ƙanwar maigidana da take yin lalle ta koya min, tace Anti ba da lalle ake farawa ba, ki fara iya zana fulawa a takarda tukunna, in hannunki bai saba da fensir ba dayis ba zai ji maganarki ba. Shi ne na ga wata tana tallan saitin koyon zanen fulawa na masu farawa, na tura kuɗi.

Abu na farko, a hoto littafin ya fi haka girma. Da ɗan saƙo ya miƙo min ledar sai da na sake dubawa ko akwai saura, ashe girmansa bai wuce littafin rubutun yara ba. A ciki akwai littafin, fensir biyu HB da 2B, kilina ɗaya, da abin fiƙe fensir na roba wanda ya karye a sati na farko na koma reza abina. Bayanin da Turanci ne amma kar wannan ya dameki, hotunan sun isa, kowace fulawa an rarraba ta mataki mataki a shafin hagu, shafin dama kuma fili ne ki kwaikwaya.

Inda littafin ya burgeni da gaske shi ne shafukan farko. Ni da in zan zana fulawa sai in fara daga ganye ɗaya in bi zagaye, kafin in zagayo wuri ya ƙare, ganyen ƙarshe ya matse kamar wanda aka cusa a adaidaita. Shi kuma yace a'a, ki fara da da'ira biyu, ƙarama a tsakiya babba a waje, da hannu sako-sako yadda layin zai fito dishi-dishi. Sai ki ɗauki abin kamar fuskar agogo, ki zana ganye a wajen sha biyu, sai shida, sai uku, sai tara, sannan ki cike tsakankaninsu, kowane ganye ya taɓa babbar da'irar ya tsaya. Kina gamawa ki goge da'irar wajen. Wallahi ranar da na gwada wannan sai da na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, abin da na ɗauka baiwa ce ashe dabara ce. Da'irar ma da ta ƙi yi min da hannu, marfin robar man shafawa na kifa na zagaye, ƙaramar kuma marfin lemo.

A nan ne ma na gane amfanin haruffan jikin fensir, da na ɗauka ado ne. H mai tauri ne layinsa baya baƙi, B mai laushi ne yana baƙi sosai, duk lambar da ta ƙaru a gaban B ƙara baƙi yake, HB kuma yana tsakiya shi ne wanda yara ke zuwa makaranta da shi. To da HB ake yin layin gwaji, in siffa ta zauna sai a bi da 2B. Kar ki danna HB ɗin da ƙarfi, ko kin goge sawun yana nan kwance a takardar kamar tabo.

Tulif ita ce mafi sauƙi a littafin gaba ɗaya, harafin U ne kawai sai ki rufe samansa da wani abu kamar W, ki ja doguwar kara da dogayen ganye biyu, shikenan. 'Yata mai shekara shida ma ta yi ta fito. Fulawar da ƙasar Holan ta yi suna da ita ce, mu dai a kalanda da jikin zanin gado muka santa.

Sai ros. Hmm. Ros ta sa na kusa jefar da littafin. Mataki na ɗaya ɗan layi mai murɗewa kamar katantanwa, na biyu ki kewaye shi da siffar zuciya, na uku ganye biyu a gefe, duk lafiya lau ina binsu, sai mataki na huɗu kawai ga cikakkiyar ros da ganye sun kai goma sha biyar har da inuwa, to ta ina aka bi aka zo nan? Kamar mai koya miki girki tace ki yanka albasa, ki kunna wuta, sai ga miya. Kwana uku ina yi, babbar 'yata ta leƙo tace Umma kabeji kike zanawa? Ban ma iya yi mata faɗa ba dan gaskiya kabejin ne. Abin da ya fitar da ni daga baya, kuma ba littafin ne ya faɗa ba, lura nayi ganyen ros basa jeruwa ɗaya a bayan ɗaya, kamar ginin bulo suke, kowane sabon ganye yana rufe mahaɗar biyun da ke gabansa, kuma na ciki ƙanana ne a matse, na waje manya a buɗe bakinsu ya ɗan naɗe baya. Da na riƙe wannan sai kabejin ya fara komawa ros, har yanzu dai ba zan ce ta yi kyan ta littafin ba amma ba wanda ya sake kiranta kayan miya.

Fulawar nan mai bin rana ma sun yi mata gajeren bayani, wai ki cike tsakiyar da layuka masu gittawa kamar raga. Yana yi dai daga nesa. Amma in kika kalli hoton ta gaske 'ya'yan tsakiyar a murɗe suke jere, wasu layukan sun yi dama wasu hagu, sau da yawa 34 ta ɓangare ɗaya 55 ta ɗayan, ni dai ban ƙirga nawa ba, lanƙwasa layukan kawai nayi maimakon in ja su a miƙe kuma nan take ta fi kama da abu mai rai.

Takardar kuwa ba yabo. Siririya ce, in kika goge wuri ɗaya sau uku ta fara tashi kamar auduga, na huɗu ta huje. Kilinan da suka sako kuma ba gogewa yake ba shafawa yake, ya bar miki baƙi-baƙi, sai da na ari farin kilinan cikin mas set ɗin yarona. Na gwada kalar ruwa a shafi ɗaya ta ratsa har shafi biyu a baya. Shawarata kar ki yi gwaji a cikin littafin sam, ki sayi durowin buk na yara ko farar takardar fotokwafi kiyi ta ɓatawa, ki bar littafin na kallo.

Babban ƙorafina dai duk fulawowin na wasu ƙasashe ne, ba ko ɗaya da zan fita in gani da idona, ko haka na zata. Akwai shafin wata mai ganye biyar manya da wani dogon tsinke ya fito daga tsakiya, hibiskus suka rubuta. Na zana ta sau biyu ba daɗi. Wata safiya na fita bayan ɗaki inda na watsa 'yar kuɓewa da yakuwa, sai ga furen kuɓewa ya buɗe, na tsaya ina kallonsa nace ikon Allah ai wannan ce ta littafin. Ganye biyar ruwan ƙwai mai haske, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi kamar fanka, can cikin gindin ja ne mai duhu kamar an ɗiga zoɓo, ga tsinken nan a tsakiya da garin rawaya a jikinsa. Ashe dangi ɗaya ne, da kuɓewa da yakuwa da auduga da ita hibiskus ɗin. Na ɗauko kujera 'yar tsugunno na zauna da fensir, na yi da'irata, na raba biyar, a nan na ga siraran jijiyoyin da ke tasowa daga tsakiya zuwa bakin ganyen waɗanda littafin bai nuna ba, ina sa su zanen ya tashi. Ki yi da safe fa, furen kuɓewa na yini ɗaya ne, kafin yamma ya naɗe abinsa. Maigida ya fito zai tafi kasuwa ya ganni a tsugune gaban kuɓewa yace lafiya dai ko, nace karatu nake.

Daga nan na shiga bin unguwa da ido. Furen tumfafiya tauraro ne mai tsini biyar, fari da shunayya a baki, ya fi komai na littafin sauƙi, sai dai kar a bar yara su tsinko dan ruwanta fari yana illa a ido. Furen kabewa ma ga shi nan babba kamar ƙaho. Kuma wani abin da ya kwantar min da rai, fulawa ce, ba wanda zai zo yana miki maganar zanen mai rai.

Maganar lalle da ta kawoni, ya taimaka amma ba kai tsaye ba. Raba da'ira kamar agogo yana aiki a bayan hannu sosai, haka murɗin tsakiyar ros. Sai dai riƙon ledar lalle daban yake da riƙon fensir, matsawa kike kina ja lokaci ɗaya, kuma fata bata da kilina, abin da kika ɗiga ya zauna. Ƙanwar maigidan tace in sa zanen takardar a ƙarƙashin gilashi in dinga bi ta sama da lallen ina gogewa, hakan nake yi yanzu da gilashin wani tsohon firem. A hannun yara kuma jan lalle kawai nake sa musu, baƙin nan ina tsoronsa, da yawansa akwai sinadarin PPD na rinin gashi a ciki kuma yana tayar wa wasu da ƙuraje har ya bar tabo a siffar zanen.

To in ke ko kai baku taɓa zane ba, ko kuna neman abin da zai ɗauke yara daga waya lokacin hutu, ku siya, shafuka goman farko kaɗai sun biya kuɗinsu, amma ku haɗa da kilina mai kyau da takarda daban. In kuma kin riga kin iya zana fulawa mai ganye biyar ba ta karkace ba, ki riƙe kuɗinki, ba abin da zai ƙara miki. Nawa yanzu yana hannun babbar 'yar tawa, ita da ta ce min kabeji, jiya na ganta ta kai shafin ros ta yi shiru tana ta goge-goge, ban ce mata komai ba.